Malam ya fito takara

Yau bayan la'asar na yi kiciɓis da malaminmu na firamare a Bauchi Road da ke Jos, yana raba takardun kamfen da hannunsa. Ya yi ritaya bayan shekara 35 yana riƙe da alli, yanzu kujerar majalisar dokokin jihar Filato yake nema. Ina gaishe shi ke nan wani saurayi ya matso ya ce, "Baba, ba a sa mana na shayi ba?" Malam bai ɓata rai ba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, mutum 24 ne ke zama a majalisar nan, kuma kasafin gwamna ba ya zama doka sai sun amince. Kwanon ajin ƙannenka da iska ta yaye da fanshon irina duk a cikinsa suke. In na ba ka na shayi yau, da wane baki za ka tuhume ni gobe?" Yaron ya sunkuyar da kai, ya karɓi takardar ya tafi.

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Muryar nan ce dai da ta koya mana lissafi, ta dushe kaɗan kawai. Mutumin da ya san ajin da yara ke zama a ƙasa ya cancanci ya duba kuɗin ilimi layi-layi. Abin da ke damuna shi ne zaɓen fidda gwani, inda kuɗi ke yawan magana, kuma Malam ba shi da su.