Da kunne da tocila nake sayen tsohuwar kyamara

Duk kyamarar da aka ajiye min a kan tebur, kafin in dubi jikinta sai na fara kai ta kunne. In buɗe bayanta, in ja marikin fim, in sa gudun labule, wato ɗan mayafin da ke buɗewa haske ya kai ga fim, a kan daƙiƙa ɗaya, in danna. A kyamarar da ba ta dogara da batir ba, akwai wani siririn ƙugi da ƙananan haƙoran injin ke yi tsakanin buɗewar labule da rufewarsa, kamar kukan gyare. In ya tafi sumul ya tsaya a kan lokaci, to akwai magana. In kuwa ya ja, ya yi kamar zai mutu, ya sake ɗauka da ƙyar, na san giris ɗin ciki ya daskare, kuɗin mai gyara ya riga ya shigo cikin cinikin tun ba a yi tayi ba. Mai kaya yana can yana ba ni labarin yadda mahaifinsa ya riƙe ta kamar ƙwai, ni kuwa hankalina yana kan daƙiƙar nan ɗaya.

Sana'ata ke nan. Ina sayen tsofaffin kyamarori masu cin fim da idanunsu, wato gilasan nan da ake murɗawa da hannu har hoto ya fito tas, in duba su, a gyara mai gyaruwa, in sayar. Mu uku ne a harkar: ni, da yaron da ke ɗaukar hoton kaya yana naɗe su, da wani dattijo mai gyara wanda ba ma'aikacina ba ne, amma ranar da ya ajiye sukudireba ban san yadda zan yi ba.

Abin da ya fi ba ni wuyar koyo, kuma da kuɗina na koye shi, shi ne cewa kyamarar da ta fi ƙyalli ita ce abar tsoro. Farkon shigata harkar na ga hoton wata Olympus OM-1 an sa ta a kasuwa, fes da ita, babu ko ƙwarzane, tana kwance cikin jakarta ta fata. Ban tambayi komai ba na biya, cinikin biri a sama. Da ta iso na ɗora ido a tagar leƙe, sai ga wasu baƙaƙen tabo a gefen ƙasa kamar an fantsama laka. Wannan kyamara ta fito ne a 1972, kuma masu ƙera ta sun sa ɗan soso a kan gilashin nan mai kusurwoyi da ke juyo hoto zuwa idon mai ɗauka. Shekaru suna tafiya sosan ya ruɓe, ya koma kamar kwalta, ya cinye shafen da ke mayar da gilashin madubi. Tabon ba ya fita a hoto, amma wa zai sayi kyamarar da in ya leƙa sai ya ga ƙazanta? Idon da ya zo da ita kuwa, fumfuna ta yi saƙa a cikinsa kamar yanar gizo-gizo. Jakar fatar da ta ruɗe ni ita ce ta tara raɓa ta kiwata fumfunar shekara da shekaru.

Tun daga nan na daina tsoron kyamarar da fentinta ya goge a kusurwa har farin ƙarfe ko jan tagulla ya leƙo. Wadda ta sha hannu an riƙa motsa ta, mai bai samu zama ya daskare ba, ta sha iska, mai yiwuwa ma ta taɓa zuwa wajen gyara. Wadda aka yi wa ajiyar gata a ƙasan akwati kuwa, sau da yawa da batir a cikinta aka manta, ya zubar da ruwa, ya ci wayoyi ya bar koren gari a gidan batir. Kyan ɗan maciji. Shi ya sa gidan batir ne wuri na biyu da nake buɗewa. Soson da ke zagaye da ƙofar baya, mai hana haske satar shiga, ba na ma lissafa shi a aibi, domin kusan duk kyamarar Japan ta shekarun 1970 nata ya narke. Da tsinke da auduga da ɗan sifirit ake kankare shi, a yanka sabo a liƙa. Aiki ne na awa guda mai cin rai, yaron nan ya fi ni haƙuri da shi.

Ido kuma tocila ce alƙalinsa. In cire shi daga kyamara, in buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, in haska ta baya ina kallo ta gaba a karkace. Babu idon da ke tsira daga wannan gwaji, har sabo dal sai ka ga ƙura, saboda haka sanin abin da za a yafe shi ne aikin. Ƙura ba komai ba ce. Ɗan ƙwarzane a gilashin gaba yana karya kuɗi, amma da wuya ka ga tasirinsa a hoto, kuma masu wayo irinsa suke nema. Abin da nake gudu shi ne hazo, wani farin dishi-dishi da tururin mai ke shimfiɗawa a gilasan ciki. Shi ne ke sa hoto ya fito fari-fari ba ƙarfi, musamman in haske yana fuskantar kyamara. Wani hazon yana goguwa, wani ya riga ya zauna tsakanin gilasai biyu da aka manne da ƙaro, wannan sai haƙuri. Fumfuna in sabuwa ce ana wanke ta, in ta daɗe takan ci shafen gilashin, ka wanke ta tafi amma sawunta yana nan har abada. Sai ganyayyakin ƙarfen da ke tsuke ƙofar haske. Dole su kasance a bushe, su rufe farat ɗaya su buɗe farat ɗaya. In ka ga suna sheƙi, mai ne ya malalo musu, za su riƙa nawa, hoto ya sha haske fiye da kima.

Akwai aibi guda da nake murna in na gan shi. Yawancin idanun Super-Takumar 50mm f/1.4 na kamfanin Asahi, mai Pentax a wancan zamani, an haɗa gilashinsu da sinadarin toriyom, wanda ke sa su rine su koma ruwan shayi da tsufa. Mai kaya yakan ɗauka ido ya lalace. Ni kuwa nakan gaya masa gaskiya cewa yana gyaruwa, in saya, in sa shi ƙarƙashin fitilar da ke fitar da irin hasken nan na rana mai ƙona fata, bayan kwanaki launin ya washe. Wasu a taga suke shanya shi, amma zafin rana yana narkar da giris, sai ka magance ciwo ɗaya ka jawo wani.

Mutane suna zaton kyamarori ne ke riƙe da shago. Idanu ne. Kuma dalilin wani ɗan lissafi ne na milimita. Kowane kamfani yana da tazarar da ya tsayar tsakanin bakin da ake ɗaura ido da inda fim ke kwanciya: Nikon F milimita 46.5, bakin M42 mai murɗawa kamar noti kusan 45.5, Canon FD 42. Ido ba ya saituwa daidai sai ya zauna a tazararsa. Da Canon ya canza baki zuwa EF a 1987, mai tazarar milimita 44, sai idanun FD suka zama marayu, domin ba a iya cusa su kusa yadda suke buƙata, sai an ƙara wani gilashi a tsakani mai rage musu kyau. Shekaru suna nan kwance, arha kamar a kyauta. Sai ga kyamarorin zamani marasa madubin nan da ke cin wuri a bayan ido, musamman Sony A7 da ta fito a 2013 da faifan ɗaukar hoto daidai girman fim na milimita 24 da 36, tazararta kuma milimita 18 kacal. Tunda tazarar gajera ce, ɗan zoben ƙarfe maras gilashi ya isa ya cike gibin, kusan kowane tsohon ido ya hau. Daga nan marayu suka samu gata. Yau mai sayen idon FD a wajena sau da yawa bai taɓa riƙe fim ba, bidiyo yake ɗauka, yana son zoben saiti mai tafiya a hankali da laushi, abin da idanun zamani masu saita kansu ba su cika bayarwa ba.

Wanda aka fi tambaya shi ne Helios-44, mai milimita 58, ƙirar Tarayyar Sobiyet da aka kwaikwayo daga Biotar na Carl Zeiss. Abin da ake so a jikinsa asali aibi ne: yakan murɗa bayan hoto, ganyayen bishiya su yi kamar suna juyawa a bayan mutum. An ƙera shi da yawan gaske a masana'antu daban-daban, kuma ba duka suka zo ɗaya ba. Ka ɗauki uku, ɗaya kaifi, ɗaya dama-dama, ɗaya kamar an shafa masa man kitso. Shi ya sa ba na sayar da shi sai na ɗora shi a kyamara na gani da idona.

Masu saye iri biyu ne, kuma ba a yi musu magana ɗaya. Mai tarawa kwali yake tambaya, da ɗan littafin bayani, da lambar jiki, da murfin asali. Wani ko fim ba zai taɓa sa mata ba, zai jera ta a kabad. Ba na ganin laifinsa, sai dai nakan roƙe shi ya riƙa fito da ita duk wata ya danna ta a kowane gudu, ya kuma raba ta da jakar fata, ya sa mata ƙunshin nan mai shanye raɓa. Mai aiki da ita kuwa, yawanci matashi ne da ya karanta cewa Pentax K1000 ce kyamarar koyo, ya zo ya kafe a kanta. Kyamara ce mai kyau, an yi ta ƙera ta daga 1976 har 1997, batir ɗinta na mitar haske ne kawai, in ya mutu tana ci gaba da aiki. Amma suna ya sa ta yi tsada fiye da abin da ke cikinta. Wani ya zo kwanaki, na ce masa, "Ƙanena, riƙe wannan tukuna," na miƙa masa Minolta SR-T 101, ƙirar 1966. Ya juya ta, ya leƙa, ya ce, "Yallabai, ai ba ita aka ce min ba." Na ce to, na ba shi wadda aka ce masa, na kuma tuna masa ya riƙa rufe mata ido in ya gama, domin mitarta ba ta da makunni, murfin ne ke kashe ta.

Sai dai in ya karɓi Minoltar ma da sai mun yi maganar batir. Ita da OM-1 da ire-irensu an yi su ne don batirin zaiba mai ƙarfin 1.35, wanda aka hana ƙerawa saboda guba. In ka sa na yanzu mai 1.5, allurar mita za ta motsa, ka ɗauka lafiya lau, alhali ƙarya take maka. Mukan sa batirin na'urar taimakon ji, mai 1.4, wanda ya yi kusa amma ba ya daɗewa, ko dattijo ya gyara mitar ta karɓi na zamani.

Shi dattijon ba ya son masu lantarki da yawa. Canon AE-1 ta 1976 ba ta ko motsi in babu batir, kuma tana da wani tari da take yi, ƙara mai kama da atishawar kyanwa, in man injin madubinta ya bushe. Wannan ɗigon mai guda ne a daidai wurin, ya iya shi ido rufe. Minolta X-700 kuma ƙananan ma'ajiyan wutarta ne ke mutuwa, a canza su ta farfaɗo. Amma in allon lantarkin kansa ya ƙone, babu kamfanin da ke yin sabo, sai a nemo wata matacciya a ciro. Saboda haka ba ma zubar da komai. Akwai durowa uku cike da gawarwaki, kowace da takarda a jiki an rubuta abin da aka riga aka cire mata. Sababbin kyamarorin fim da ake yi yanzu 'yan kaɗan ne, irin su Pentax 17 ta 2024 mai raba fim biyu ta fitar da hoto 72 a naɗin 36, don haka kusan duk abin da ke yawo a kasuwa tsohon jari ne da kullum raguwa yake.

OM-1 ɗin nan tawa ta farko tana durowa ta biyu. An cire mata marikin fim, an cire ƙofar baya, an cire allurar mita. Makon jiya dattijo ya ɗago ta, ya jujjuya, ya ce, "Ɗana, labulen nan nata har yanzu lafiyarsa ƙalau." Na ce, "Baba, a bar shi tukuna, mai shi bai zo ba." Ya ƙara rubuta layi ɗaya a takardar, ya mayar da ita.