Zuciyar Hajiya a kan allo

A unguwarmu Aboabo kowa ya ɗauka likita zan zama. Ni kuwa injiniyancin na'urorin asibiti nake karantawa a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha da ke Kumasi a Ghana, ina shekara ta 3.

Makon jiya na haɗa ƙaramar na'urar ECG mai batir, wato mai zana bugun zuciya a kan allo. Siginar zuciya ba ta wuce kusan milibolt 1 ba (kashi ɗaya cikin dubu na bolt), sai an ninka ƙarfinta wajen sau 1,000, ga wutar lantarkinmu mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tana cusa mata hayaniya. Kwana uku na yi ina tacewa.

Da na kai ta gida, na manna wa Hajiya wayoyin. Ta ƙura wa layin ido, yana hawa yana sauka.

"Ɗan nan, zuciyata ce wannan?"

"Ita ce, Hajiya."

Ta ce kada in cire tukuna.