Na goron yaran gidan abinci

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, gidajen abinci a Sakkwato suka rungumi POS da taransifa. Har mai tuwon bakin hanya ta manna lambar asusu a bango. An samu sauƙi, ba na musu. Sai dai akwai wanda abin ya taɓa kuma ba a maganarsa: yaron da ke kawo maka abincin.

Jiya na ci tuwon shinkafa da miyar kuka a wani gidan abinci kusa da Babbar Kasuwa. Yaron ya kawo ruwan wanke hannu, ya goge tebur, ya koma ya ƙaro miya, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Da can in ka biya da tsabar kuɗi, canjin da ya rage sai ka ce masa riƙe. Yanzu na'ura na cire kuɗin abinci cif-cif. Ko ka ƙara wani abu a kati, asusun mai gidan zai faɗa, ba lallai ya kai hannun yaron ba.

A Amurka ana sa ran ka ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abinci. Mu nan ihsani ne, babu dole, babu ƙa'ida. Shi ya sa nake biyan abinci da kati, na yaron kuma in ninke ɗari biyar in danƙa masa a hannu ba tare da kowa ya gani ba. Ya rusuna ya ce, "Kawu, Allah Ya ƙara buɗi."

Don Allah in za ku fita cin abinci, ku riƙa sa 'yan canji a aljihu.