Maganar barci a hannun mai fassara

Ƙannena masu koyon fassara daga Faransanci ko Sifaniyanci zuwa Turanci, ku yi hattara da maganar barci. Kowa yana ganin ya san ta, shi ya sa mutum ke sakin jiki ya ɗauko ƙamus ya bi kalma ɗaya-ɗaya.

Haka na yi da "nuit blanche" ta Faransanci farkon shigata aikin. Wata uwa ce ta rubuta cewa ta yi "nuit blanche" a gefen gadon ɗanta marar lafiya, ni kuwa na sa "white night". A Turanci wannan yakan kai tunanin mai karatu ga dararen watan Yuni na birnin San Pitasbag a Rasha, inda gari ba ya duhu sosai. Ita kuwa baiwar Allah kwana ta yi ba ta runtsa ba, wato "a sleepless night". Har yau abin yana min ciwo, domin wahalar uwa ce na goge daga takardar. Da ɗalibi ne ya raba dare yana karatun jarrabawa, "all-nighter" ce za ta fi dacewa. Mutanen Sifaniya ma suna cewa "pasar la noche en blanco", don haka ramin guda ne a harsunan biyu.

A Sifaniyanci "sueño" na nufin barci, tana kuma nufin mafarki. "Tengo sueño" shi ne "ina jin barci", daidai da "j'ai sommeil" a Faransanci. Amma da zarar "un" ta shiga tsakani, aka ce "tengo un sueño", an koma mafarki; da wannan jimlar ake fassara sanannen kalamin Martin Luther King na 1963 a Washinton, "I have a dream". Na taɓa tsallake wannan bambancin saboda gaggawa, na mai da gajiyayyen ma'aikaci mai dogon buri.

Abin da ya gyara min aiki daga baya shi ne, kafin in taɓa Turanci sai in tambayi kaina da Hausa: me mutumin nan ya yi? Kwanciya ya yi, "se coucher" ko "acostarse"? Barci ne ya kwashe shi, "s'endormir" ko "dormirse"? Makara ya yi, kamar mai cewa "se me pegaron las sábanas", wai zannuwan gado sun manne masa, alhali "I overslept" kawai yake nufi? Ko kuwa da gangan ya yi ramuwar barci ranar hutu, "la grasse matinée", wadda Baturen Ingila ke kira "a lie-in"? Ku da kuka yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, a Maraɗi ko Damagaram, kunnenku ya riga ya saba da na Faransancin cikin waɗannan. Kada ku bari ƙamus ya rinjaye shi.

Wasu maganganun kuma barcin cikinsu riga ce kawai. "La nuit porte conseil" da "consultar con la almohada" duk jinkirta yanke shawara ne zuwa wayewar gari, "sleep on it". "Une histoire à dormir debout" labarin ƙanzon kurege ne, "a tall tale". Sai "coucher avec" da "acostarse con": waɗannan maganar tarayyar mace da namiji ce, don haka ku karanta sakin layin gaba ɗaya kafin ku sa ko ɗaya a bakin wani.