Abin da na koya a bayan injin manja

Bautar ƙasa ce ta kai ni jihar Edo, aka tura ni wata ƙaramar masana'antar matse manja a wajen Benin. Ni da na taso a Funtuwa, iyakar sanina da manja shi ne jarka a kasuwa da miyar taushe. A makon farko aka sa ni rubuta awon kayan da ke shigowa, a nan na gano cewa idan nonon kwakwar manja ya shiga inji, man da ake samu da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Ragowar kuwa tana can bayan ginin, jibge.

Busasshen cikinta ba ya ba kowa wahala. Zaren da ke saura bayan matsa da ƙwanson ƙwallon su ne makamashin da ake dafa wata kwakwar da shi, maƙera kuma suna zuwa sayen ƙwanson saboda wutarsa tana da ƙarfi. Shi ne ma Japan take saye daga Indunusiya da Malesiya don tashoshin lantarki. Ƙwayar ciki a matse ta a sami alayyadin da iyayenmu ke shafa wa jarirai, dusarta a loda a tirela zuwa Arewa wajen masu kiwon kaji da shanu. Hatta tsintsiyar kwakwa da muke shara da ita a gida, daga ganyen bishiyar ake fere ta. Duk abin da yake da mai saye, ba ya kwana a ƙasa.

Matsalar tana ga jiƙaƙƙen, wato sauran nonon da aka kaɗe wa 'ya'ya, da ruwan da ke fita daga dahuwa da tacewa. Ruwan nan mai kauri ne, ga zafi ga tsami, ana zuba shi a wani rami. Idan ya kwana biyu sai ka ga yana ɓulɓulowa, iskar gas ce ke tashi, irin wadda manyan kamfanoni ke rufe tafkinsu da leda su tara, su kunna janareta da ita. Mu ba mu da kuɗin wannan. Da damina ramin ya cika ya malala cikin rafin da matan ƙauyen ke wanki. Har yau ina jin nauyin ranar da suka zo ƙorafi.

Da zafin sabon shiga na kawo shawara a ƙone sauran nonon gaba ɗaya, a sayar da tokar ga masu sabulun salo, tunda suna nemanta. Wani dattijo da ya tsufa a gonar ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yarona, idan ka sayar da tokar, bishiyar me za ta ci?" Na ce, "Baba, ai akwai takin zamani." Ya tambaye ni nawa buhu, na yi shiru. Daga baya, da na je cibiyar binciken kwakwa ta NIFOR, wadda asalinta tun 1939 ne, na fahimci zancensa sosai. Kwakwa bishiya ce mai cin sinadarin fotashiyam, kuma kaso mai yawa nasa yana cikin wannan nonon da nake son ƙonewa. Abin da ke sa tokar ta yi sabulu shi ne abincin bishiyar.

Sai muka koma sassara nonon, muna jiƙa shi da ruwan ramin, muna juyawa lokaci-lokaci har ya ruɓe ya yi baƙi. Ruwan da ke kashe ciyawa idan an zuba shi ɗanye, ga shi ya zama taki. Wanda ba mu sassara ba muka shimfiɗa a gindin bishiyoyi, kuma Baba ya hana a tula shi, domin tuli mai kauri gidan ƙwaro ne mai ƙaho da ke cin tsakiyar kan bishiyar. Aikin yana cin ƙarfi, jiƙaƙƙen nono ga nauyi ga ƙaya, kuma kuɗin leburori ya fi abin da na lissafa a takarda.

Lokacin da na gama hidima ramin bai ƙafe ba, abin da muke ɗiba bai kai abin da injin ke zubarwa ba. Amma layukan da muka zuba wa takin, ko a tsakiyar rani idan ka tona da hannu sai ka ji danshi.