Karanta rubutunka da babbar murya kafin kowa ya gani

Ba na miƙa wa kowa rubutuna sai na karanta shi a fili daga farko har ƙarshe. Nakan rufe ƙofa, in miƙe tsaye da takardun a hannu, in karanta kamar da mai sauraro a gabana. Masu tasowa kan tambaye ni dabarar gyara salo, suna jiran in ambaci wani kwas ko wata manhaja, sai in gaya musu wannan. Wasu har fuskarsu kan sauya, wai abin ya yi sauƙi da yawa.

Dalilina shi ne ido ba ya bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Tsalle yake yi, ya dira nan ya dira can, ƙananan kalmomi ma sau da yawa ya wuce su, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin. In kuwa kai ka rubuta abin, to ka riga ka san me kake nufi, shi za ka gani, ba abin da ke kan takardar ba. Baki ba shi da wannan hanyar zillewa. Dole ya furta komai, kuma duk inda jimla ta yi tsawon da numfashi ya ƙare kafin a kai aya, ƙirjinka zai gaya maka. Marubucin nan na Faransa, Gustave Flaubert, ya shafe kusan shekara biyar, daga 1851 zuwa 1856, a kan littafinsa Madame Bovary, kuma an san shi da ƙwala jimlolinsa da ƙarfi don ya ji inda suka gurgunce.

Inda abin ya fi yi mini amfani shi ne zancen taurarin labari. Akwai wata mata a wani labarina da mijinta ya dawo gida a makare. A zubin farko ta ce: "Raina ya ɓaci ƙwarai saboda ka yi mini alkawarin za ka dawo da wuri amma ba ka cika ba." A takarda ba laifi. Da na furta, sai na ji kamar sanarwa ake karantawa a rediyo. Wa ke tsara magana haka yana cikin fushi? Na soke layin. Yanzu matar ta dubi agogo, ta dube shi, ta ce "Sannu da zuwa," ta ci gaba da ninke kaya. Mai karatu ya san da sauran magana, kuma zai juya shafi don ya ji ta.

Ba na tsayawa gyara ina cikin karatun. Fensir nake riƙewa, duk inda harshena ya sarƙe, ko na ji kalma ɗaya ta dawo kusa da kusa, ko na ji ina sauri don in wuce wani sakin layi, sai in ja layi a gefe in ci gaba. Wannan na ƙarshen shi na fi tsoro. Wurin da ni mai rubutun na ƙosa da shi, ina ga baƙon da ba ruwansa da ni?

Sai dai kunne ma yana da tasa yaudarar. Mutum ya san inda zai ɗaga murya da inda zai ja numfashi, sai ya lulluɓe jimla mara ƙwari da daɗin karatu. Shi ya sa daga baya na koma ba wani ya karanta mini, ni in zauna in yi shiru. Shirun nan da wuya, don da zarar ya yi tuntuɓe bakinka zai so ya ce "ai abin da nake nufi shi ne...". Kada ka faɗa. Mai sayen littafinka ba zai same ka kusa da shi ba balle ka yi masa bayani. In babu mai karanta maka, ɗauki muryarka a waya, ka saurara washegari.

Kuma kada a ɗora wa dabarar abin da ba nata ba. Tana gyara jimla da zance, amma in ginin labarin ne ya karkace, misali tauraron ba ya neman komai, ko babi na uku ya kamata ya zama na farko, kunne zai ji komai daidai ya wuce. Wannan sai an ajiye rubutun ya huce, a dawo a duba shi babi babi. Don haka nakan fara da gyaran gini, karatu a fili ya zo a ƙarshe, babi ɗaya a zama ɗaya, domin da maƙogwaro ya bushe hankali kan koma kan gamawa.