Yaren 'yan golf da na koya a St Andrews

Duk wanda zai zo St Andrews neman halaliyarsa ya sani cewa golf ne ke riƙe da garin. Akwai jami'a tun 1413, can uwargida ke digirinta na uku, shi ne ma ya kawo mu Sikotlan. Amma otal-otal da shaguna da masu tasi duk albarkacin filin wasan nan suke ci. Ni a wani otal na samu aikin ɗaukar kayan baƙi, ina shigo bas mai lamba 99 daga birnin Dandi (Dundee), inda haya ta fi sauƙi kuma akwai masallacin Juma'a.

Turancin da na zo da shi daga Zariya ya ishe ni cefane da ganin likita, amma wurin baƙin otal bai kai ni ko'ina ba. Dattijo zai dawo da yamma, iskar teku ta mai da fuskarsa ja wur, ka karɓi jakar sandunansa, ya ce yau ya yi badi biyu da bogi bakwai, ya tsaya yana jira ka yi masa barka ko jaje. Wani abokin aikina da ya daɗe yana kadi, wato riƙe wa 'yan wasa jaka da ba su shawara, shi ya zaunar da ni. Kowane rami akwai adadin bugun da aka yanka masa, ana ce masa "fa" (par). In ka zura ƙwallo da ragin bugu ɗaya ka yi badi, ɗan tsuntsu ke nan. Ragin biyu igul, gaggafa. Ragin uku albatiros, wani ƙaton tsuntsun teku, wanda mutum kan yi furfura a wasan bai taɓa samu ba. Wanda ya zarce da ɗaya shi ya yi bogi.

Maligan ya fi ba ni dariya: bugun farko ya lalace, abokai su kau da kai a sake, kamar ba a yi ba, alhali doka ba ta san da shi ba. Sai gimi, ƙwallo ta matso bakin rami a ce ɗauki abarka, an yafe. Wasan da ake wa kallon na masu tsantseni, a ganina rabinsa alfarma ce.

Tsohon filin, Old Course, yana da ramukan yashi 112, banka suke ce musu, da yawa da sunayensu. Babba a rami na 14 Jahannama ake kiransa, kuma gaban rami na 18 akwai wani gangare wai Kwarin Zunubi. Na rami na 17 shi ya fi suna. A babbar gasar golf ta Open ta 1978 ƙwallon ɗan Japan Tommy Nakajima ta faɗa ciki, sai a bugu na huɗu ya fito da ita, ya gama ramin da bugu tara. Har yau wasu Yashin Nakajima suke ce masa. Tambayi baƙo yadda suka ƙare da na 17, zai riƙe ka da labari har ƙofar ɗakinsa, tukuici ma ya fi auki.

Ramukan zura ƙwallo 18 ne a fili, na 19 kuwa mashaya ake nufi. Ana gayyatata, ina zuwa, ina shan shayi ko Irn-Bru, lemon kwalbar Sikotlan, ba wanda ya taɓa tsananta mini. Can ake jin inda ake neman ma'aikata da wanda ke da ɗakin haya.

Ran Lahadi ba a wasa a tsohon filin sai in babbar gasa ake, kowa na iya shiga yawo, mukan kai yara su ɗauki hoto a 'yar gadar Swilcan. Sauran ranaku akwai hanyar da ta ratsa filin ramin farko da na 18 zuwa bakin teku. In kana kanta ka ji an ƙwala "fo!", ƙwallo ce ta ɓace ta nufo mutane. Kada ka ɗaga kai neman ta, durƙusa ka rufe ƙeya da hannu biyu.